Tsugunon Bitrus a Gaban Na Uku

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda muka bar Kaduna ba. Duk wanda ke Makera ya gani da idonsa, wanda bai gani ba kuma matata ta riga ta ba shi labari sau uku, da ƙari. Sunan garin da muka je ma ba zan rubuta ba, don fasfona bai mutu ba tukuna. Ku dai ɗauka wani birni ne a bakin teku, a ƙasar Larabawa, inda benaye suka yi tsawo har wuyan mutum ya yi ciwo, kuma babu akuya ko ɗaya a kan titi.

Ni ne Yohanna, wanda ya yi shekara ashirin da shida a masaƙa a Kakuri kafin a kulle ta a ce mu je mu huta. Karatuna ya tsaya a aji biyar na firamare, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya je ya kama malamin da ya kore ni, in ya same shi da rai. Wanda na raka kuwa Bitrus ne, ɗan marigayi yayana. Ni na koya masa kokawa tun yana zubar da majina, irin kokawar ƙauyenmu ta bayan girbi. Da ya girma ya koma wannan faɗan na zamani da ake kulle ƙarti biyu a keji kamar kajin Kirsimeti, a ce su yi naushi, su yi shuri, su yi kokawa, su shaƙe juna, duk a zama ɗaya. Mai horar da shi aka hana biza, kujerar jirgi ta biyu tana nan ba kowa, ni kuma ina da fasfon da na yi don zuwa Urushalima shekarar da aka cire sunana aka sa na surukin wani. Haka na wayi gari na zama koci.

Ga abin da ya kai mu. Kamfanin da ke shirya faɗan yana da jerin mutum goma a kowane nauyi. Bitrus yana cikin 'yan kilo saba'in, shi ne na tara. Takardarsa ta ce in wasan ƙarshe na shekara ya wuce bai shiga keji ba, za a goge sunansa a sa wani. Shekarunsa talatin da huɗu, matarsa Rifkatu tana unguwar Romi a Kaduna da 'ya'ya uku, kuma a wannan sana'a wanda aka goge yana talatin da huɗu ba a sake rubuta shi. Kwana sittin ya rage. Aikinmu ɗaya ne: mu samo wanda zai yarda ya yi faɗa da shi. Da ya faɗa mini na yi dariya har na yi tari. Na ce, a duniyar nan da za ka taka ƙafar mutum a tashar Kakuri ka samu faɗa kyauta? Ashe ban san komai ba.

Zango na farko wani filin jirgi ne a tsakiyar hanya, inda muka yi awa goma sha ɗaya a kan kujerar ƙarfe. Nan wani jami'i mai safar hannu ya buɗe jakata, ya ci karo da ƙullin daddawar da Maman Talatu, matata, ta cusa mini. Ya sunsuna, ya ja da baya, ya kira abokan aikinsa biyu, su ma suka sunsuna suka ja da baya. Suka tafi da ita a leda biyu kamar sun kama bam. Citta da yaji suka bar mini. A ban-ɗakinsu kuma na tsaya gaban famfo ina neman inda ake murɗawa. Na danna sama, na danna gefe, har na ɗan mare shi. Wata mai shara, baƙa kamar ni, tsohuwa kamar ni, ta jingine sandar gogenta, ta kama hannuna ta kai ƙarƙashin bakin famfon, ruwa ya zubo da kansa. Ba ta yi dariya ba. Har yau ina sa ta a addu'a, ko da yake ban san sunan da zan faɗa wa Allah ba.

A zango na biyu Manaja Feliks ya tarye mu.

"Dadi! Welkom, welkom! No wahala, komai seti!"

Ɗan ƙasarmu ne, ya yi bautar ƙasa a Kaduna, yana jin Hausa irin ta barikin soja. Kwat ɗinsa ya matse shi, turarensa kuma ya riga shi isowa. A waya ya ce mana hotel za mu sauka, ya ce an riga an samo abokin faɗa, sa hannu kawai ya rage. Hotel ɗin ya zama ɗakin leburori a bayan gari, mutum takwas, gado a kan gado, da wata esi, na'urar sanyaya ɗaki, mai tari kamar tsohon mashayin taba. Abokin faɗan kuwa, wai ana kan magana.

Gadon sama aka nuna mini. Na dubi tsanin, na dubi gwiwoyina, muka yi shawara, suka ce su ba za su je ba. Ina tsaye sai na ji daga gadon ƙasa an ce, "Baba, zo ka kwanta nan, ni in hau." Da Hausa! Malam Haruna ke nan, direban motar leburori, Bahaushen Sudan. Kakansa ya tashi daga ƙasar Hausa da ƙafa zai je Makka, ya tsaya hutawa a hanya, hutun bai ƙare ba har yau. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, rabi Larabci, amma ranar ta fi mini waƙar coci daɗi. Na ba shi citta. Ya riƙa dafa mana shayi da ita kowace safiya kafin ya fita.

Zango na uku wani gidan horo ne mai madubi ko'ina, wai don mutum ya riƙa kallon kansa yana wahala. Feliks ya ce a nan Bitrus zai riƙa motsa jiki kyauta. Kyautar ita ce a nan Na Biyu na cikin jerin yake horo, kuma yana neman wanda zai gwada ƙarfi da shi. Sati biyu Bitrus yana ɗaga mutumin nan yana shimfiɗa shi a katifa, sau biyar, sau shida a rana, ni ina gefe ina ƙirgawa da ƙarfi don kada a ce ba a gani ba. Na ce to, mun gode wa Allah, ga abokin faɗa har gida. Da aka kai masa maganar, Na Biyu ya dafa ƙirji ya ce Allah ya kiyaye, Bitrus ɗan'uwansa ne yanzu, gumi ɗaya suka zubar, 'yan gida ɗaya ba sa faɗa. Daga baya Malam Haruna ya jiyo mana cewa Feliks ɗin ne manajan Na Biyu ma. Wato kawo Bitrus aka yi a ɗanɗana shi. An ɗanɗana, an ji ɗaci, an mai da shi ɗan'uwa.

Bari ma in gabatar muku da jaruman kilo saba'in, ku san irin mazajen da na ƙetare teku na gani. Sunayensu ba sa shiga bakina, da lamba na san su, kamar fursunoni.

A samansu duka akwai mai kambu. Wata goma sha huɗu rabonsa da faɗa. Yana yawo da ɗamarar zinariya a kafaɗa yana tallar ruwan kwalba. Na Ɗaya ya ce shi ba ya faɗa da kowa sai mai kambu, mai kambu kuma ya ce Na Ɗaya bai isa ba, shi yana hangen wani a nauyin da ke sama. Na Biyu kun ji shi, ɗan'uwanmu ne. Na Huɗu da Na Biyar suna zagin juna a waya tun bara, kowa na cewa a haɗa su, su kuma sun gano zagi ba ya kumbura ido. Na Shida wani Bature ne da ya zane jikinsa kaf har wuya, kamar bangon makarantar firamare. Bakinsa ba ya rufuwa. Ya yi alkawarin kashe mutum huɗu a cikin jerin, duk suna nan da ransu suna cin abinci. Na Bakwai wai gwiwa ke masa ciwo. Na Takwas matarsa ta haihu, yana hutu, kamar shi ya yi naƙudar. Na Goma, bawan Allah, ya yarda da gudu, amma kamfani ya ce a'a, ba mai sayen tikiti ya kalli Na Tara da Na Goma.

Saura Na Uku. Shi kam ba zan yi masa ƙarya ba. Daga wasu duwatsu masu sanyi ya fito, gemu ba gashin baki, kunnuwa a murɗe kamar ƙosan da ya ƙone, ba ya magana, ba ya dariya. Na ga tsayuwarsa, ƙafa a buɗe, ƙugu a ƙasa, na ce wannan a turɓaya aka koya masa kokawa. Amma shi ma da aka ambaci Bitrus, mutanensa suka ce me Na Uku zai samu a jikin Na Tara? In ya ci, a ce dama. In aka ci shi, ya gangaro.

Kun ji lissafi. Ƙarti goma sha ɗaya, wuya kamar turmi, kowa yana roƙon na gabansa yana ɓuya wa na bayansa. A Makera ko 'yan ludo sun fi su zuciya.

Zango na huɗu ofishin mai haɗa faɗa ne, hawa na talatin da ɗaya. Na zaci zan ga tsohon ɗan dambe mai karyayyen hanci. Sai na tarar da wani siriri mai tabarau da kwamfuta, hannunsa laushi kamar burodin unguwar Trikania da safe. Kana ganinsa ka san ko uwarsa ba ta taɓa marinsa ba. Shi ne mai cewa wane zai fasa wa wane baki. Feliks ya yi tafinta.

"Dadi, ya ce matsalar Bitrus biyu ce. Yana da haɗari, kuma ba wanda ya san shi."

"To ai faɗan ne zai sa a san shi."

"Ya ce sai an san shi za a ba shi faɗan."

"Tambaye shi, shi da yake da kwamfuta, ta ina ake shiga ɗakin da aka kulle da makulli a ciki?"

Feliks bai fassara wannan ba. Ya dai ce shawarar oga ita ce Bitrus ya ɗauki waya ya zagi wani a cikin jerin, zagi mai kyau, har da iyaye in da hali, a sa a intanet. Da haka ake samun faɗa yanzu.

Bitrus fa ya yi shekara goma a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Muka koma ɗaki, Malam Haruna ya riƙe waya, Bitrus ya tuɓe riga, ya ɓata fuska, ya ce da Turanci yana gaida Na Huɗu da iyalinsa, yana fatan suna lafiya, in ba damuwa yana so ya karya masa haƙarƙari, Allah ya albarkace shi. Mutum goma sha tara suka kalla. Sha biyu 'yan Romi ne. Na ce a ba ni wayar ni in yi, shekara ashirin da shida ina zagin foman a zuci, ina da kaya a ajiye. Feliks ya ce ba ni ake nema wa faɗa ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Bitrus yana cin ƙirjin kaza dafaffe ba gishiri, sai ya auna shi a sikeli kamar zinariya, yana tauna ɗanyen ganye da ko akuyar Maman Talatu sai ta yi tunani. Ni kuma shinkafarsu mai ƙamshin turare ta tsaya mini a wuya. Wata Lahadi da rana na kira gida, Maman Talatu ta ce gwaten acca take yi. Na ce ta kai wayar kusa da tukunya.

"Baban Talatu, zafin ƙasar ne ya taɓa maka kai?"

"Ke dai kai."

Ta kai. Na ji yana tafasa, ɓal, ɓal, a bayansa ga injin niƙan maƙwabta, ga masu Keke suna hon a titin Makera, ga wani yana zagin wani zagi na gaske, fuska da fuska. Na ce mata layin ba kyau, na kashe. A gefe Bitrus yana waya da Rifkatu, na ji ta tambaye shi, "An samu?" Ya juya fuska bango ya ce mata ana kan magana. Ranar na san yaren Feliks ya fara kama shi.

Saura kwana goma sha shida wasan ƙarshe, aka ce za a tara 'yan jerin duka a zauren wani hotel don 'yan jarida. Da safen ranar na zaunar da shi a bakin gado.

"Bitrus, a ƙauye in kana so ka kama da mutum, waya kake ɗauka?"

"A'a, Baba."

"Me kake yi?"

"Baba, nan ba ƙauye ba ne."

"Na tambaye ka inda muke?"

Ga wanda bai sani ba: a ƙauyenmu in an gama girbi an share fili, mai neman kokawa ba ya buɗe baki. Zai taka har gaban wanda yake so, ya tsuguna, ya miƙa masa hannu biyu, tafi a sama. Ba roƙo ba ne. Ma'anarsa, na auna ka, na ga zan iya. In wancan ya yarda, ya buga tafinsa a naka a shiga fili. In yana tsoro ya kau da kai, 'yan mata su sa shi a waƙa har wani girbin. In kuwa raina ka ya yi, sai ya shafa maka kai, wato je ka girma. Kuma wanda ya miƙa wa mutum hannu ba ya kama wani sai an raba tsakaninsa da wannan. Haka muka tarar. Bitrus ya san wannan dokar ta ƙarshe da kyau, don yana ɗan shekara goma sha biyar ya karya ta, na zane shi da tsumagiya a gaban jama'a.

"Na Uku za ka je wa," na ce masa. "Sauran 'yan wasan kwaikwayo ne. Shi ɗan kokawa ne, zai gane."

Zango na biyar ke nan, zauren hotel. Dogon tebur, fitilu kamar za a yi wa mutum tiyata, kowa da kwalbar ruwansa a gabansa da ba ya sha. Na Shida ya hau kujera yana ihu yana nuna mutane da yatsa. Na Huɗu da Na Biyar suka yi kamar za su kama juna, kowa ya jira sai da masu gadi suka riƙe shi kafin ya fara fizga. Bitrus yana can ƙarshen tebur kusa da tukunyar fulawa. Awa guda, ko sunansa ba a tambaya ba. Na cire hula na ɗaga masa.

Ya tashi. Ya zagaya ta gaban tebur, ya taka a hankali har gaban Na Uku, ya tsuguna, ya miƙa hannu biyu. Wallahi ya yi ta daidai, ko kakansa sai haka.

Wayoyi suka tashi sama. Na Uku ya dubi hannuwan, ya waiga ya dubi mutanensa, su ma suka dube shi. Kunnuwan nan nasa suka yi ja. Sai ya miƙe, ya sunkuyo ta kan tebur da fuskar tausayi, irin wadda ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa, ya sa hannu ya shafa wa Bitrus kai. Sau biyu.

Dariya ta fashe. Na Shida ya faɗo daga kujera, ya tsuguna shi ma yana miƙa hannu yana kukan ƙarya, 'yan jarida suna ta ɗauka.

A mota, da muka kusa gida, Bitrus ya juyo wajena.

"Ya shafa mini kai, Baba."

"Bai sani ba ne."

"Kai ka ce zai gane."

Washegari da tsakar rana Malam Haruna ya dawo daga aiki da waya a hannu, bai ko cire takalmi ba. Hoton ya zaga duniya. Ya karanta mana abin da aka rubuta a kai: wai ɗan faɗan Afirka ya durƙusa yana roƙon a ji tausayinsa. Har Kaduna ya kai. Rifkatu ta kira tana kuka, wai a kasuwar Romi wata ta tambaye ta ko bara mijinta ya tafi yi a ƙasar waje. Bitrus ya saurara, ya ajiye wayar, ya kwanta ya juya mana baya. Ni na kawo ƙauye a jaka, wannan kuma jami'an filin jirgi ba su kama shi ba.

Ƙarfe uku sai ga Feliks a guje, gumi ya cinye turaren.

"Dadi! Kai, Dadi, kai ne manaja, ni yaronka ne! Kowa yana son Bitrus!"

Gwiwar Na Bakwai ta warke cikin kwana ɗaya. Jaririn Na Takwas ya girma. Na Biyar ya manta da Na Huɗu. Wanda ya fi kowa ihu shi ne Na Shida, ya rantse zai sa Bitrus ya sake tsugunawa a cikin keji. Shi kamfani ya zaɓa. Na Uku kuwa ya aiko cewa har yanzu a'a, amma yana yi wa Bitrus addu'a. Kwana arba'in da huɗu mutum yana tsaye da ƙafarsa ba wanda ya kalle shi. Ya tsuguna na minti ɗaya, sun yi layi. Waɗannan ne fa ake buga hotonsu a jikin bene.

Feliks ya shimfiɗa takarda a kan akwatina, ya ce oga mai tabarau yana jira kafin ƙarfe biyar, in ba haka ba a ba wani gurbin. Ya miƙa biro.

Bitrus ya tashi zaune. Bai karɓa ba.

"Na miƙa wa Na Uku hannu. Ba na kama wani sai an raba mu."

"Wane hannu? Wace raba? Dadi, me yake cewa?"

"Baba ya sani. Shi ya koya mini." Ya dube ni. "Da tsumagiya."

Feliks ya ɗora hannu a ka, yana kiran sunan Yesu da na kakanninsa a haɗe. Malam Haruna ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa. Dokar gaskiya ce, ba ni na yi ta ba, ubana ya bi ta, ni na bi ta, na kuma rubuta ta a bayan yaron nan da hannuna. Amma na ga Rifkatu a kasuwar Romi, na ga sunan da za a goge, na ga Bitrus ya koma gida ba abin da ya kawo sai hoton tsugunonsa. Na gyara hula, na yi gyaran murya irin ta dattawan coci in za su yi maganar gini.

"Wa ya ce maka dokar ta ƙare a nan? Matsalarka ke nan tun kana yaro, ba ka tsayawa a gama magana. Dokar tana da wutsiya. In wanda ka miƙa wa hannu ya shafa maka kai, to an rufe tsakaninku. Ba ka isa ka koma masa ba sai ka kayar da wanda ya fi kowa dariya a filin. In ka kayar da wannan, sannan ka koma wa mai shafa kan. Wa ya fi kowa dariya jiya?"

"Ban taɓa jin wannan ba."

"Yaushe aka taɓa shafa maka kai da za ka ji? Ba a faɗa wa mutum sai ta same shi."

"Wa ya faɗa maka?"

"Kakanka. A bakin rumbu, yana gyaran fartanya." Kakan nan ya fi shekara talatin a ƙasa, ba mai tashinsa ya tambaya.

Bitrus ya kafa mini ido. Sai Malam Haruna ya kurɓi shayi ya ce, "Mu ma a Sudan haka take."

Allah ya saka wa mutumin nan. Musulmi mai salla biyar ya taya Kirista ƙarya ba tare da an roƙe shi ba.

Bitrus ya karɓi biro.

Ba zan ba ku labarin rage nauyi ba, kada in ɓata muku abinci. Ku dai sani na ga uban 'ya'ya uku ya sa rigar leda ya zauna a ɗakin tururi yana tofa yawu a kwalba don ya rage rabin kilo. Aka auna su kamar buhun masara, aka ce sun yi.

Zango na ƙarshe keji. Aka ba ni bokiti da tawul aka tsayar da ni a kusurwa. In faɗi gaskiya, Na Shida ba baki kaɗai ba ne. Ƙafafunsa dogaye, yana shuri kamar jaki ya ga kura, kafin Bitrus ya matso ya buge shi ya koma baya. Ana tsakiyar turmin farko ya sa masa gwiwa a fuska, na ji ƙarar hancin daga inda nake. Jini ya wanke ƙirji. Baturen ya ja da baya, ya tsuguna, ya miƙa hannu biyu yana murguɗa baki, jama'a suka ɗauki ihu. Da aka kaɗa ƙararrawa na shiga da bokitina. An ce koci shawara yake bayarwa, to na bayar.

"Ka bar masa dambe, dambe nasa ne. Ƙugu, Bitrus. Kama ƙugu kawai."

A turmi na biyu Bitrus ya sha naushi uku a hanya, bai tsaya ba, ya shige ciki ya rungume ƙugun. Ya ɗaga shi sama. Ya yi taku biyu da shi a kafaɗa, kamar mai ɗauke da buhu yana neman mai gida ya nuna masa inda zai ajiye. Sannan ya ajiye. A ƙauyenmu da an gama, baya ya taɓa ƙasa, sai kiɗa. Su a nan sai an bi mutum ƙasa an shaƙe shi ya faɗa da kansa. Bitrus ya zagaya wuyan da hannu ya matse. Mutumin da ya yi alkawarin kashe mutum huɗu ya sa tafi yana bubbuga katifa, a hankali, kamar maƙwabci ya zo aron gishiri.

A wani ƙaramin ɗaki a baya likita ya cusa wa Bitrus auduga a hanci. Feliks yana bakin ƙofa yana gaya wa duk mai wucewa cewa shi dama ya sani. Mai tabarau ya leƙo da kansa, ya ba mu hannun nan nasa mai laushi, ya ce sunan Bitrus yana nan, sabuwar takarda tana zuwa, kuma daga gobe shi ne Na Shida. Aka kira Rifkatu, ba a ji komai ba sai guɗa, kamar Romi gaba ɗaya tana cikin ɗakinta.

Da aka watse ya rage daga ni sai shi. Ido ɗaya a rufe, yana numfashi ta baki.

"Baba."

"Na'am."

"Wutsiyar nan ta doka. Da gaske kakana ya faɗa?"

"Kana tuhumar matacce?"

"A'a. Don in akwai ta, na kayar da mai dariya. Saura in koma wa Na Uku."

Na dubi hancin da Na Shida kawai ya yi wa haka. Na ajiye bokitin a hankali.

"Tsaya tukuna. Bari in tuna da kyau. Kamar kakanka ya ƙara wata magana a bayan wannan."

Ya fara dariya, audugar tana yin ja.

"Bai ƙara ba, Baba. A nan ta ƙare."